Yadda Kawu Ba-Ribas Ya Koyi Riƙon Gidan Haya

Kawuna, yayan mahaifiyata, direban tirela ne tun kafin a haife ni. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, muryarsa kuwa irin ta wanda ya saba magana inji na ruri, ko gaisuwa yake yi da mutum ɗaya sai maƙwabta sun amsa. Abokan aikinsa ne suka laƙaba masa Ba-Ribas, saboda ya tsani ja da baya da mota. Gara ya zagaye unguwa guda da ya sa giyar baya. Sunan ya biyo shi har gida, saboda a magana ma haka yake. In ya ce e, to e ɗin ce, ko da kowa na hango ramin da ke gabansa.

Da gwiwoyinsa suka fara ciwo, idonsa kuma ya daina jure hasken fitilun motocin da ke tahowa, sai ya ajiye tuƙi. Ya dawo gida da abin da ya tara, da wata tsohuwar kujerar mota da ya ciro don zaman ƙofar ɗaki, da kuma shawarar da ya riga ya yanke shi kaɗai a kan hanya: gidan haya zai gina.

"Na yi yawon garuruwa," ya ce wa matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. "Ban taɓa ganin garin da ya girma ta ƙeyarsa ba. Ta inda hanya ke shigowa yake miƙe ƙafa. Can zan sayi fili."

Filin da dillali ya nuna masa yana can bakin gari, bayan tashar da manyan motoci ke kwana. Ba komai a wurin sai ciyawa da bishiya guda da awaki. Mahaifiyata ta je ta gani, ta riƙe haɓa.

"Yaya, wa zai kama haya a nan? Awakin?"

"Ke dai zuba ido," in ji shi.

Inna ba ta hana shi ba, sharaɗi kawai ta kafa: kada kuɗi su bar hannu sai an yi ruwan sama sun ga inda yake bi, sai kuma an kai takardun filin ofis an duba. Dillali ya yi ta sintiri yana cewa akwai masu so, Kawu ya ƙagu kamar ya yi tsuntsu, Inna ta ce masu so su saya. Ranar da aka tafka ruwan farko suka ɗauki lema suka je. Filin da ke gefe ya zama tafki, nasu kuwa ruwan ya gangara ya bar shi. Har yau in Kawu na ba da labarin nan cewa yake, "Sai na ce a jira ruwa tukuna." Inna kuwa sai ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ta ji ba.

A hankali aka yi ginin, ɗaki bayan ɗaki, yadda aljihu ya ba da dama. Kawu ne ya zana tsarin da sanda a ƙasa: layi biyu na ɗakuna da suka haɗu a kusurwa, tsakar gida mai faɗi, kicin da banɗakuna a ƙarshe. Da aka zo rufi, kafinta ya ce inda kwanon layi biyun ya haɗu sai an shimfiɗa masa magudana mai faɗi a ƙarƙashi, in ba haka ba ruwa zai taru ya nemi hanya.

"Ruwa ƙasa yake bi," in ji Kawu. "Wa ya taɓa ganin ruwa ya tsaya a sama? Buga ƙusa, malam, ka daina ƙara mini lissafi."

Kafinta ya ɗaga kafaɗa ya buga ƙusa. Kawu da Inna suka tare a ɗakin farko mai falo, aka fara jiran 'yan haya.

Wanda ya fara zuwa wani matashi ne sanye da fararen kaya masu guga, takalminsa na sheƙi, turarensa ya riga shi shigowa. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya shiga ɗakin ya duba, ya tambaya ko wuta na tsayawa, ko ɗakin na riƙe ɗumi, ko akwai ɓeraye. Kawu ya ba shi makulli nan take.

Da ya fita Inna ta ce, "Maigida, mutum bai tambayi banɗaki ba, bai tambayi kicin ba, sai ɗumi da ɓera?"

"Mutumin kirki ne. Ba ki ga takalminsa ba?"

Matashin ya kawo kayansa cikin kwalaye masu 'yan huje-huje. Ba a jima ba Kawu ya fara jin wani siririn sauti a gidan, tsi-tsi-tsi, ba dare ba rana. Ya ce bel ɗin wani inji ne ya saki. Ya duba famfo, ya duba mitar wuta, ya kasa kunne jikin tanki. Sautin ya ja shi har ƙofar sabon ɗan hayarsa. Ya yi sallama ya tura ƙyaure, ya tsaya cak. An shimfiɗe ƙasan ɗakin da ɓuntun katako, ƙwayayen fitila na rataye ƙasa-ƙasa, 'yan tsaki kuwa sun cika ko'ina ba wurin sa ƙafa. Mai fararen kaya na tsugune cikin singileti yana zuba musu ruwa.

"Bawan Allah! Ɗakin kwana na ba ka ko gona?"

"Ai ina kwana, Baba. Ga bencina can."

"Ka gaya mini kaji za ka zuba?"

"Ba ka tambaye ni sana'ata ba, Baba. Inda na sayi turare ka tambaya."

Kawu ya yi tsalle ya dire ya ce yau ɗin nan za a fita, ya kuma faɗa da ƙarfin da har direbobin tasha sai da suka ji. Inna ta bari ya huce, sannan ta kai masa shayi ta zauna kusa da kujerar motarsa. Ta tuna masa cewa bayan gida akwai sauran fili da ba a gina ba, ciyawa kawai yake haifa musu. Me zai hana yaron ya kafa akurki a can ya riƙa biyan hayar wurin, ya wanke ɗakin ya sake masa fenti?

"Na riga na ce a fita."

"Ai fita za a yi. Kajin za su fita daga ɗakin. Ni ban ji ka ce daga gidan ba."

Kawu ya juya maganar a ransa, ya ga babu inda ta sa shi ja da baya, sai ya ce dama abin da yake nufi ke nan. Mai Kaji, kamar yadda ake kiransa tun daga lokacin, yana gidan har yau. Ya yi aure a nan, 'ya'yansa suna kiran Kawu kaka, kuma ƙwai bai taɓa yankewa a kicin ɗin Inna ba. Abin da Kawu ya ƙaru da shi shi ne, duk wanda ya zo neman ɗaki sai ya zaunar da shi ya ji sana'arsa, da inda ya baro, da dalilin barowar.

Ɗakunan suka cika ɗaya bayan ɗaya. Na kusurwa, wanda yake daidai mahaɗar kwanon nan, wata nas ce ta kama shi, mai aiki a ƙaramin asibitin da aka buɗe kusa da tasha. Mace ce mai sanyin hali, ba ta da yawan magana, kuma tun zuwanta kowa a gidan ya samu mai duba masa hawan jini kyauta. Da rani ta shigo, don haka lafiya lau aka zauna har damina ta faɗi.

Wata safiya ta same shi a kan kujerarsa, ta rusuna.

"Baba, ɗakina na yoyo."

"Yoyo? Kwanon nan sabo ne fil, 'yata. Feshi ne ta taga."

"Daga silin yake zubowa, Baba."

"To, gobe in Allah ya kai mu zan duba."

Goben ta zo ta wuce, wata goben ma haka. In ta sake magana sai ya ce ɗigo ne kawai, wane gida ne ba ya ɗigo da damina? Ba rowa ce ta hana shi ba, mu da muka san shi mun san haka. Kiran kafinta na nufin tsayawa gaban mutumin da ya ce wa buga ƙusa, a kuma nuna masa wurin da yatsa. Wannan ne ya gagare shi.

Ran nan Nas ta dawo daga aikin kwana ta tarar da katifarta sharkaf, fararen kayan aikinta da ta goge ta rataye sun yi dabbare-dabbare da ruwan silin. Ba ta yi faɗa ba. Ta je wurin Inna ta ce, cikin ladabi, ta fara cigiyar ɗaki a wani wuri, kada su ji a bakin wani.

Da azahar Inna ta kira ni a waya. Lokacin ina zaune da mijina ba nisa da su, shi kuma ya yi tafiya. Ta ce in zo da tsofaffin kaya a jikina, akwai aiki. Na iske Kawu ya tafi tasha wurin tsofaffin abokansa, inda yakan yini ana hirar hanya. Inna ta riga ta ɗaure zane ta kira Mai Kaji. Muka kwance gadon Kawu muka kai ɗakin kusurwa, da akwatinsa da rediyonsa, muka kwaso kayan Nas muka jera a ɗakinsu.

Nas ta bi mu tana roƙo. "Inna, don girman Allah ki bari. Ina ni ina kwana a ɗakin Baba?"

"Ke busasshen ɗaki kika kama haya, ko ba haka ba? To ga busasshen ɗaki. Riƙe min labulen nan."

Da yamma Kawu ya dawo yana 'yar waƙarsa, ya ɗaga labule, ya ga madubin mata da takalman asibiti. Ya saki labulen da sauri ya juyo. Inna na shara a tsakar gida.

"Ke, ina gadona?"

"Yana ɗakin kusurwa. Mun yi musanya da yarinyar nan zuwa ƙarshen damina. Ai ka ce ɗigo ne kawai. Mutumin da ya kwana ƙarƙashin tirela a daji, ɗigo zai dama?"

'Yan haya duk sun leƙo, kowa ya sami abin yi a ƙofar ɗakinsa. Kawu ya dube su, ya dubi Inna, ya gyara hula.

"Ɗaki ai ɗaki ne," in ji shi. "Dama ina son canjin iska."

"Madalla. Ni kuma zan bi 'yar ƙanwarka in taya ta kwana, mijinta ba ya nan."

Muna tafe hadari na haɗuwa a gabas. Na ce, "Inna, ba kya tausayinsa?" Ta ce tausayinsa ne ya sa ta bar masa lema a bayan ƙyaure.

Ruwa kuwa aka kwana ana yi. Da gari ya waye muka koma, muka yi sallama a ƙofar ɗakin kusurwa. Kawu na zaune a kan kujerar motarsa, ya jawo ta lungu ɗaya tilo da ya rage busasshe, lema a buɗe a kansa, rediyo a cinya. Bokitai da baho da tukwanen Inna har da butar shayi an jera su a ƙasa, kowanne na amsa nasa ɗigon da irin tasa murya. Gadon kuwa an jingine shi da bango.

"Ina kwana, Kawu? An tashi lafiya?"

"Lafiya lau," ya ce, bai dube ni ba. Can ya yi gyaran murya. "Ke, kina da lambar kafintan nan?"

Kafinta ya zo kafin rana ta yi zafi, ya kafa tsani ya hau, ya ɗaga kwano ya leƙa. Ya sunkuyo da murmushi.

"Ranka ya daɗe, ai nan ne wurin da na ce..."

"Aiki na kira ka ko tarihi?"

Aka cire kwanon kusurwar, aka shimfiɗa magudana mai faɗi, aka canza silin da ya ruɓe. Abin da aka kashe ya ninka abin da da za a kashe tun farko, Kawu da bakinsa ya faɗa. Ni abin da ban manta ba shi ne abin da ya yi da la'asar. Ya fita ya dawo da sabuwar katifa a kan amalanke, ya tsaya ƙofar ɗakin da Nas take, ya cire hula ya riƙe a hannu. Ban taɓa jin muryarsa ta yi ƙasa haka ba.

"'Yata, ki yi haƙuri. Kin gaya mini ban ji ba. Kada ki tashi."

Nas ta sunkuyar da kai tana share ido ta ce ba komai, Baba. Ba ta tashi ba.

Tun daga nan Kawu ya ɗauki wata ɗabi'a da ake yi masa dariya a kai. Duk ɗakin da aka tashi, kafin ya ba wani, sai ya ɗauki tabarma da matashi ya kwana 'yan kwanaki a ciki. Ta haka ya gano ragar taga da sauro ke shiga, da ƙyauren da sai an doke shi da kafaɗa, da ɗakin da ƙarar injin famfo ke hana barci. Ya ware wani kaso na kuɗin haya ya ce na gida ne, ko shi ba ya taɓawa sai don gyara. Kafin kowace damina kafinta na hawa ya zagaye rufin, su biyun kuma suka zama abokan gardama.

Garin ma ya iso kamar yadda ya faɗa. Aka zuba wa hanyar kwalta, shaguna suka jeru, aka gina makaranta inda awaki ke kiwo. Mahaifiyata ta zo wata rana ta rasa gidan saboda gine-gine, sai da ta yi tambaya. Kawu bai bar ta ta huta da wannan ba har tsawon shekara.

Masu gidaje na unguwar suka fara zuwa ƙarƙashin bishiyarsa neman shawara. Na taɓa iske wani ɗan kasuwa da ya sayi gidan da ke kallon nasu, yana cewa zai sallami 'yan hayar da ya tarar gaba ɗaya, ya kawo sababbi masu biya da tsoka.

"Sallame su," in ji Kawu. "Sai ka yi fenti, ka biya dillali, ka zauna kana gadin ɗakuna ba kowa. Ɗakin da ba mutum ya fi saurin lalacewa, ɗana. Gara da ƙuda da ɓera ba sa biyan haya. Wanda ya daɗe a gidanka ya san famfon da ke ɗiga, ya san baƙon fuska in ta shigo. In ƙari za ka yi, yi kaɗan, ka faɗa musu da wuri, ka kuma gyara wani abu da ido zai gani. Ko ba haka ba?"

Wannan tambayar ta ƙarshe ba ɗan kasuwar yake yi wa ba, juyawa yake ya ɗaga murya wajen tagar kicin. Daga ciki Inna ta ce, "Haka ne." Sannan ya gyara zama kamar alƙalin da ya gama yanke hukunci.

Shekaru suka ja. Nas ta samu ƙarin girma a wurin aiki, ta sayi ɗan fili a sabuwar unguwa, ta gina nata wurin zama da ɗakuna biyu na haya a gefe. Ranar da ta zo ta faɗa masa za ta tare, Kawu ya ce Allah ya sanya alheri, ya shige ɗaki ya ƙi cin abinci. Ya ce wa Inna shi bai ga abin da aka yi wa yarinyar nan da za ta guje su ba. Inna ta ce to ya fita ya hana ta zama mai gida.

Nas da kanta ta lallashe shi. Ta ce ita aiki ba zai bar ta ta tsaya kan 'yan haya ba, shi take so ya zaɓa mata su, ya riƙa leƙa mata gidan.

"Ni na tsufa, 'yata. Gwiwoyin nan ba sa kai ni ko'ina."

Washegari ya riga magini isa wurin, aka same shi yana ƙwanƙwasa bangon banɗaki da sandarsa yana tambayar wanda ya yi filasta.

Makon jiya na je gaishe su, na tarar ana shirin yi wa ɗakin da Nas ta bari fenti. Mai fenti na zaune a kan bokitinsa yana shan shayi, don tun safe an kasa daidaitawa. Kawu ya ce ruwan ɗorawa, ɗaki ya yi haske ya yi fara'a. Inna ta ce shuɗi, ya fi ɓoye datti. Mai Kaji ya zo wucewa da tiren ƙwai ya ce me zai hana a yi fari, su biyun suka juya kansa a tare har sai da ya ƙara sauri. Daga ƙarshe Inna ta ce ta gaji, ya yi abin da ya ga dama, in ɗakin ya fito kamar shagon sayar da katin waya kada ya kira ta.

Kafin la'asar mai fenti ya gama bango biyu. Rana ta shigo ta taga ta faɗa a kansu, ɗakin ya ɗauki haske kamar an kunna fitila. Kawu ya tafi raka mai fenti ya wanke burushi, ni da Inna muka leƙa. Ta daɗe tana kallo, hannu a ƙugu.

"Ya yi kyau," ta ce ƙasa-ƙasa. "Amma in kika gaya masa na faɗa, ni da ke ne."